Yadda Ake Ƙirƙirar Bindigar Soja Ta Labari, Daga Takarda Zuwa Gaban Kyamara

A 'yan shekarun nan, duk rubutun da matasa ke turo mini in duba, na littafi ne ko na gajeren fim, da wuya in wuce shafi goma ban ci karo da bindiga ba. Ban ga laifinsu ba. Kaduna garin soja ne: ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka kafa a 1964, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, ita ma tun 1964, ga barikin horar da sojoji na Jaji a kan hanyar Zariya, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo. Ga kuma abin da ya same mu a dajin Birnin Gwari da hanyar Abuja. Mai rubutu abin da ke gabansa yake rubutawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake rubuta bindigar. Jarumi ya ɗauko wata sabuwar ƙira da marubuci ya raɗa wa suna mai ban tsoro, ba ta da nauyi, ba ta zafi, harsashinta ba ya ƙarewa, tana kuma samun mutum daga nisan da ido ba ya kaiwa. Ni ma haka na fara. Wani tsohon samanja maƙwabcinmu na karanta wa babi guda, ya saurara har na kai aya, sannan ya tambaye ni, "Ɗana, wannan yaron naka harsashi nawa ya ɗauko daga bariki?" Na ce, "Baba, ban ƙirga ba." Ya ce in je in ƙirga, domin shi da ya yi shekaru yana ɗauka a kafaɗa ya san nauyin kowane ɗaya. Tun daga ranar na gane cewa bindigar da aka ƙirƙira sai ta biya kuɗin duk wata baiwa da aka ba ta. In ka ƙara mata ƙarfi, ta ƙara nauyi. In ka rage tsawo, ka rage wani abu. Wannan cinikin shi ne ke sa mai karatu ya yarda da ita.

Ga yadda nake bi yanzu. Zan yi misali da wata bindiga da na ƙirƙira don wani labarina, wadda sojojin cikin labarin ke kira Damo.

Fara da mai ɗauka da inda zai shiga

Kafin ka zana ko layi ɗaya, amsa tambaya uku a takarda. Wa zai riƙe ta? A wace ƙasa zai yi tafiya da ita? Wa ya biya kuɗin ƙera ta?

Na ce tawa ta kurtu ce, yaron da ya fito daga Daffo, wurin horar da kuratan soja a Zariya, bai daɗe ba, ana tura shi daji a bayan mota ko a kan babur, ya yi kwanaki ba makaniken makamai kusa da shi. Ƙasar kuwa tamu ce: wata uku na ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, sai zafin bazara da ƙarfe ke ƙona hannu ko ba a yi harbi ba, sai damina da laka da tsatsa. Gwamnatin cikin labarin ba ta da kuɗin almubazzaranci. Daga waɗannan amsoshi kaɗai rabin ƙirar ya fito: dole ta jure datti, dole ta kwance ta ɗauru ba tare da sukundireba ba, dole ta yi gajartar shiga mota da fita, dole ta yi arha. Sunan ma daga nan ya zo. A takardar gwamnati lamba ce kawai, amma a bakin soja Damo ce, sarkin haƙuri. Ka ba taka suna biyu haka, na ofis da na bariki. Na barikin shi mai karatu zai riƙe.

Zaɓi harsashi, shi ne uwar ƙira

Irin bindigar da muke magana a kai, wadda ake kira bindigar farmaki, abu uku ke bambanta ta da sauran. Tana iya harbi ɗaiɗai, tana kuma iya ɓarin wuta a jere. Gidan harsashinta, wanda soja ke ce wa magazin, ana cire shi a sa wani. Harsashinta kuma matsakaici ne, ya fi na ƙaramar bindiga ƙarfi, bai kai na tsofaffin dogayen bindigogi ba. Jamusawa ne suka fara fito da ita da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu da StG 44. Dalilinsu shi ne an lura yawancin artabu bai wuce tazarar mita 300 zuwa 400 ba, don haka ɗaukar harsashin da zai kai mita 1000 asarar ƙarfin kafaɗa ce.

Kana da manyan zaɓi uku da duniya ta sani. Akwai 7.62×39 (kaurin kan harsashi da tsawon ƙwansonsa ke nan a milimita) na AK-47, ƙirar Mikhail Kalashnikov da sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949. Kowane ɗaya na da nauyin kusan giram 16, yana fita da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa, yana da kyau wajen ratsa ciyawa da ƙananan rassa, amma in an yi nisa yakan sunkuya ƙasa da wuri. Akwai 5.56×45 na M16 ta Amurka, kusan giram 12, siriri mai tsananin gudu, ba ya bugun kafaɗa sosai. Akwai kuma 7.62×51 na FN FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus, waɗanda tsofaffin sojojinmu suka sani sarai. Shi ya wuce matsakaici, kusan giram 24 ne, yana kai nisa, amma gidansa 20 yake ɗauka, kuma in aka sake shi a jere bindigar sai ta riƙa ɗaga kai sama ta ƙi riƙuwa.

Yanzu yi lissafin da Baba Samanja ya sa ni. Gida 6, kowane da harsashi 30, ya zama 180. Da harsashin AK, wannan kusan kilo 3 ne, ban da nauyin gidajen kansu, waɗanda in na ƙarfe ne za su kai jimillar wajen kilo 5. Da 5.56 harsasan kilo 2 da ɗan ɗori ne. Ɗora wannan a kan ruwan sha, hular kwano, rigar sulke, da tafiyar yini a watan Afrilu, za ka ga yadda tafiyar jaruminka da maganarsa za su canza.

Damo na ba ta 7.62×39. Ba don ya fi sauran ba. Ƙasar da ɗakunan ajiyarta ke cike da wani harsashi ba ta sauya shi da wasa, kuma ko a zahiri bindigar OBJ-006 da DICON ta fitar a kan tsarin AK aka yi ta. Wannan zaɓin yana da amfani ga mai zane ma: ƙwanson wannan harsashi yana tsukewa zuwa gaba, shi ya sa in an jera 30 suke lanƙwasa kamar ayaba, gidan ma ya bi su. Gidan 5.56 lanƙwasarsa kaɗan ce. Idan ka zana gida miƙaƙƙe sambal ka ce harsashin AK ke ciki, wanda ya sani zai gane nan take.

Kana iya ƙirƙirar sabon harsashi in labarinka na shekaru masu zuwa ne. Amma ka tuna da bindigar G11 ta kamfanin Heckler & Koch, wadda aka yi wa harsashi marar ƙwanso. Sun yi shekaru suna fama da matsalar zafi, domin ƙwanson tagulla da ake tofarwa yana fita da wani kaso na zafin, in babu shi zafin ya zauna a ciki. Aka shawo kan abin da ƙyar, sannan haɗewar Jamus a 1990 ta zo, kuɗi ya tafi wani wajen, ba ta shiga hannun runduna ba. Darasi ne mai kyau ga marubuci: ƙira na iya yin kyau, siyasa da baitulmali su kashe ta.

Abin da ke faruwa a cikinta

Nan ne ya kamata ka zauna ka fahimta da kyau, ko da jimla biyu kacal za ka rubuta a littafin. Labari ba ya buƙatar awon ƙarfe ko lissafin maƙera, kuma ba shi zan bayar ba. Abin da yake buƙata shi ne ka san mene ne ke motsi, yaushe, kuma me zai iya tsayar da shi.

Soja ya sa gida, ya ja hannun ɗanawa baya ya saki, harsashi na farko ya shige ɗakinsa a gindin bututu, ƙofar ƙarfe ta juya ta kulle a bayansa. Ya taɓa kunama, 'yar guduma ta bugi allura, allura ta bugi gindin harsashi, albarushi ya kama. Iskar wutar nan ita ke tura kan harsashin cikin bututu. Cikin bututun akwai zane mai murɗawa da ke sa shi juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, juyin ne ke hana shi tangaɗi a iska. Kafin ya fita, wani ɗan kaso na iskar ya kauce ta wata 'yar kafa a saman bututun ya koma baya. Wannan kason shi ke yin aikin da hannun maharbi ke yi a bindigar toka: ya buɗe ƙofa, ya zaro ƙwanson da ya ƙone ya wurgar ta dama, ya sake ɗana guduma, sai sifirin ya maido komai gaba tare da sabon harsashi. Duk wannan cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Inda ƙira ke rabuwa shi ne yadda iskar ke isar da saƙon. A AK fistin take turawa, wato sandar ƙarfe mai kai da komo, dogo mai nauyi, haɗe da abin da ke ɗauke da ƙofar. Datti da hayaƙi suna tsayawa can gaba, nauyin kuma na taimakawa wajen murƙushe yashi, amma wannan ƙarfen da ke kai da komo yana girgiza bindigar, saiti ya ɗan warwatse. A tsarin Eugene Stoner na M16, siririn bututu ne ke kai iskar har cikin uwar bindigar. Ta fi sauƙi, ta fi natsuwa a hannu, amma hayaƙinta a cikinta yake sauka, tana son goga da mai a kai a kai. Sojojin Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu da ita a Biyetnam a shekarun 1960, lokacin da aka sauya irin albarushin, aka kuma raba bindigogin ba isassun kayan gogewa. Ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, sai da aka gyara ta, har da shafa wa ɗakin harsashi kurom, ƙarfen da ke hana tsatsa. G3 kuwa ba ta taɓa iskar ma, wasu 'yan ƙananan naɗaɗɗun ƙarafa biyu ne ke jinkirta buɗewar ƙofa. Akwai kuma hanya ta tsakiya, gajeren fistin da ke bugu ɗaya ya tsaya, irin na FAL.

Ga Damo na ɗauki dogon fistin, na kuma bar sarari tsakanin sassanta. Ka ɗauke shi kamar bambancin babbar riga da matsattsen kaftani. Sakakkiyar ƙira tana ba ƙura wurin zama ba tare da ta hana motsi ba, ladanta ke nan. Kuɗin da take biya shi ne in an girgiza ta tana 'yar ƙara, kuma bayan mita 300 ba a yi mata alkawarin samun abin da aka nufa. Wani abu da na koya daga tsofaffin soja, na kuma sa a labarin: a hunturu yawan mai ba gata ba ne, domin mai da ƙura in sun haɗu kunu suke zama. Kurtun da ya malale bindigarsa da mai saboda ƙauna, kofur zai sa shi ya goge. Irin wannan ƙaramin abu ya fi shafi guda na lambobi gamsar da mai karatu.

Sai saurin harbi. AK na fitar da kusan 600 a minti in an danne kunama. Raba: 10 ke nan a daƙiƙa. Gida mai 30 zai ƙare cikin daƙiƙa 3. Karanta wannan sau biyu. Duk harsashi 180 da jaruminka ya sha wahalar ɗaukowa, in ya biye wa tsoro, wutar daƙiƙa 18 ce. Shi ya sa sojan da ya san aiki ɗaiɗai yake harbi, ko biyu uku a tare. Wanda ke feshi ba ƙaƙƙautawa a labarinka, ko dai sabon shiga ne, ko ya firgita, ko so yake ya hana abokan gaba ɗaga kai don wani ya samu ya matsa. Kowanne cikin ukun labari ne. Kada kuma ka manta zafi: bayan gida uku huɗu a jere bututun ba ya taɓuwa, mai na hayaƙi, marfin katako na iya fara babbakewa in aka ci gaba.

Siffa

Siffa iri biyu ce. Wadda muka saba gani gidan harsashi na gaban kunama. Ɗayar, da ake kira bulfof, gidan na bayan kunama, kusa da kafaɗa, kamar Steyr AUG ta Ostiriya, FAMAS ta Faransa, SA80 ta Ingila da Tavor ta Isra'ila. Ribar a bayyane take: AUG da M16 duk bututunsu milimita 508 ne, amma AUG tsawonta 790, M16 kuwa kusan mita guda. Masu zanen labaran gaba suna son bulfof don tana kama da abin gobe. Kafin ka bi su, ka sani ƙwanso na fita daf da kunci, don haka bahago na shan wuya da ita in ba a juya masa mafitar ba, sauya gida kuma sai an kai hannu ƙarƙashin hammata. In jaruminka bahago ne, ka samu matsala kyauta da za ka yi amfani da ita.

Damo ta gargajiya ce. Bututu milimita 400, kusa da 415 na AK. Gindi mai naɗewa gefe don hawa babur. Nauyi kilo 3.6 ba gida. Marfin gaba na roba mai jure zafi. A samanta akwai layin ƙarfe mai tsaga-tsaga na ɗora madubin saiti, irin wanda Amurka ta daidaita a 1995 ake kira Picatinny, amma a labarin mutum ɗaya cikin goma ke samun madubin, sauran da saitin ƙarfe suke aiki. Madubi mai jan ɗigo batir yake ci, kuma ranar da hazo ya rufe gari ko mai madubi ba ya ganin abin da ya wuce gonar gabansa.

Ka ba ta aibi, ka kuma yi aiki da shi

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, ni kuwa shi na fi so. Zauna ka rubuta aibi biyu ko uku da suka fito daga zaɓin da ka yi, ba waɗanda ka liƙa daga waje ba.

Damo tana da babban makunni a gefen dama, ɗaya ne ke kulle ta, ya kuma zaɓi irin harbi, kamar na AK inda sama kulle ne, tsakiya jere, ƙasa ɗaiɗai. Babba ne don a iya taɓa shi da hannu mai laka, amma in an sauke shi yana "ƙwas" da ake ji a daren da ba iska. A babi na tara na labarin wannan ƙarar ce ta tona kwanton ɓauna. Aibi na biyu, in harsashi ya ƙare ƙofarta ba ta tsayawa a buɗe kamar ta M16, don haka wanda bai ƙirga ba sai ya ja kunama ya ji shiru. Na uku, maƙalar gindin mai naɗewa tana sakwarkwacewa bayan shekara biyu, sojoji suna ɗaure ta da robar tayar babur. Wannan robar ta zama alamar tsohon hannu a cikin labarin, wanda ya ga bindiga da ita ya san mai ita ya daɗe a daji.

Ƙara mata tarihi kaɗan. Wace shekara aka fara ƙera ta a duniyar labarinka? Wane rukuni ne ya fito da matsala aka janye? Kowace bindigar gwamnati tana da lamba a jikinta da rajista a ɗakin makamai, soja na sa hannu ya karɓa, ya sa hannu ya mayar. In aka tsinci Damo a hannun ɗan ta'adda da lambarta a kankare, ka samu tambayar da za ta ja littafi guda: ta wace ƙofa ta fita?

Yadda ake jin ta a shafi

Harsashin irin wannan bindiga ya fi sauti gudu. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, shi kuwa ya ninka haka. Wanda aka harba wa daga mita 300, abin da zai fara ji shi ne "tas" kamar bulala a saman kansa, sannan bayan ɗan lokaci "dum" daga inda aka yi harbin. Tsohon soja da tazarar nan yake ƙiyasta nisa. Wanda ya yi harbi a cikin ɗaki ba abin toshe kunne, kunnensa zai yi ta ƙugi, ba zai ji raɗar abokinsa ba. Abin rage ƙara da ake ɗaurawa a baki yana ragewa ne kawai, kamar salansar babur, bulalar harsashin na nan. Ƙwanso na fita da zafi, in ya faɗa wuyan rigar na kusa sai ya bar tabo. Ga warin albarushi da mai, ga maratayi da ke cin kafaɗa.

Ina roƙonka abu ɗaya a nan. Cikin masu karanta ka akwai wanda ya kwana a daji bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, akwai uwar da aka kwashe ɗanta a Kuriga a 2024, akwai matar soja a barikin Ribadu da ba ta san ko mijinta zai dawo ba. In bindiga ta yi magana a shafinka, ka bar mu mu ga abin da ta bari a baya.

In fim ne ko wasan kwaikwayo

Zana ta da cikakken girmanta a kan kwali ko takardar buhun siminti. Fara da miƙaƙƙen layi ɗaya, shi ne bututu, komai a jikinsa zai rataya. Sa ɗan wasan ya riƙe kwalin a kafaɗa ka gani ko yatsarsa ta kai kunama ba miƙa wuya, ko idonsa ya hau layin saiti. Gyara a kwali ya fi arha.

Kai wa kafinta zanen ya yanka maka ƙashin bayan a filawud mai kauri. Bututun ka yi shi da sandar katako toshasshiya, kamar ƙotar mofa. Kada ka sa bututun ƙarfe, kada kuma ka je kasuwar Panteka ka ce mai walda ya haɗa maka wani sashe. Mutanen nan gwanaye ne, amma abin da ya fara kama da ƙirar makami na gaske zai jefa ku duka a hannun hukuma, kuma Dokar Makamai ta 1959 ba ta san uzurin fim ba. Naman jikin kuwa da robar da masu takalma ke yin silifa ake yi, ana samunta fale-fale a kauri daban-daban. Yanka da sabuwar reza, shafa gam ɗin masu takalma a fuska biyu, bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ka haɗa. Samfefa ta gyara kusurwoyi. Gidan harsashi ka yi biyu ko uku da katako, da ɗan maganaɗisu a sama don ya riƙa cirewa yana komawa, domin sauya gida a gaban kyamara na daga abin da ke sa kallo ya yi gaskiya.

Kafin fenti, shafe robar da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, sau uku, kowanne ya bushe, in ba haka ba za ta shanye fentin. Fesa baƙi marar ƙyalli. Sai ka kankare bakin fensir ya zama gari ka murza da yatsa a inda ake son ya yi kama da ƙarfe. A gefuna da wurin da hannu ke yawan taɓawa, ɗan goga ruwan azurfa da busasshen buroshi. Ƙarshe ka shafa jar ƙasar Kaduna cikin lunguna ka karkaɗe. Sabuwa fil ba ta gamsar da kowa.

Matsalar roba rashin nauyi. Ɗan wasa zai riƙa wulwula ta da hannu ɗaya, mai kallo ya gane. Ɓoye ɗan buhun yashi ko katako mai nauyi a cikin gindi da marfin gaba har ta kai ko kilo 2. Koya masa ya ajiye yatsa a miƙe a gefe sai lokacin harbi, ya kuma ba kafaɗarsa ɗan bugu. Wutar baki, ƙwanso da ƙara duk a kwamfuta ake sa su wajen tacewa. Kada a kawo bindigar gaske wurin ɗauka ko da an rantse ba komai a ciki. A Oktoban 2021 a jihar New Mexico ta Amurka, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasu a wurin aiki da bindigar da aka ce babu harsashi mai rai a cikinta, kuma can suna da ma'aikaci na musamman don makamai kawai.

Haɗari mafi girma a wajenmu yana waje da kyamara. Mun taɓa fita ɗaukar wani ɗan fim a bayan gari da bindigogin katako uku, ba mu gaya wa kowa ba don muna ganin aikin awa ɗaya ne. Wata mata da ke dawowa daga gona ta hango mu, ta yar da kayanta ta ruga cikin gari tana salati. Kafin mu ankara matasa sun fito da gorori da adduna. Allah ya sa wani dattijo ya san mahaifin ɗaya daga cikinmu. Matar nan kwana biyu ba ta koma gona ba, har yau abin na cina.

Saboda haka kafin ranar ɗauka, rubuta wa DPO na yankin takarda da rana da wuri da adadin bindigogin roba, ka kai su ya gani da idonsa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Je wurin mai unguwa da shugaban 'yan sintiri, a sanar a masallaci in da hali. Kakin soja kada a sa sai da izini, rundunar ta sha gargaɗin farar hula a kan haka. A hanya, bindigogin su kasance cikin buhu a but, gida a cire, baki a naɗe da jan tef ko mai launin ruwan lemo, takardar kuma a gaban mota. In kun zo shingen bincike, kai za ka fara faɗa wa jami'in abin da ke but kafin ya buɗe, hannuwanka a kan sitiyari. Mutum ɗaya a ba shi aikin ƙirga su, safe da yamma, kuma da an ce an yanke, a karɓe daga hannun 'yan wasa a mayar buhu kafin kowa ya tafi shan ruwa.